Shekarar da Aka Yanke Tabar Kwarin Dinya Ɗanya

Aikin farko da Kawu Maman ya ba ni a sana'ar taba shi ne tankaɗen toka. A lokacin ina saurayi da ƙarfina, ina yini a gonar hatsi da hauya ban nemi inuwa ba, amma mutumin nan ya miƙo mini rariyar matarsa ya ce in zauna in tankaɗe tokar murhu sai ta yi laushi kamar garin tuwo. Da na gama, ya kwance wani ɗan ƙunshi ya zuba abin da ke ciki a tafin hannunsa. Bai cika cokali ba. Ya ce, "Isufu, gonar bana ke nan dukanta. In atishawa ta zo maka, juya baya." Irin taba ya fi yashi ƙanƙanta. In ka watsa shi shi kaɗai ba ka ganin inda ya faɗi, sai ya fito cunkus wuri ɗaya ya kashe junansa. Shi ya sa ake cuɗa shi da toka, farinta ya nuna maka inda hannunka ya bi. Kawu Maman wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, kuma duk Kwarin Dinya har zuwa Yekuwa babu wanda ya fi shi sanin taba.

Saboda kai na tayar da wannan magana, Laminu. Ɗan ƙanena ne kai, ina da ikon in faɗa maka. Jiya a bakin rijiya, gaban abokanka da kuka haɗa kuɗin cin rani kuka sayi injin ban ruwa, ka dube ni ka ce, "Baba, taba ai ciyawa ce. Ruwa da takin angire, wata biyu ka yanka." Na kuma ji wai wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya kira ku a salula, zai zo ranar kasuwar Dungas ta sama, kuna so ku yanke kafin ya iso. Da safen nan na shiga gonarku. Ganye ya yi faɗi kamar faifai, kore shar, ko ɗigon rawaya babu. Abin da kuke da shi ganye ne, bai zama taba ba tukuna. Ku zauna ku ji, tun da kun ce abin ba wuya.

Ku dashe kuka sayo a kasuwa, shi ya sa kuke fara lissafi daga tsakiya. Mu muna yayyafa iri tun hatsi yana tsaye a gona, damina na ban kwana. Ɗan fangali ake yi kusa da rijiya, a tara kara a kansa a ƙone don ƙwari da irin ciyawa su mutu. Ba a rufe irin taba da ƙasa. Da bayan ƙwarya ake danna shi, a lulluɓe da ciyawa sama-sama. Ruwa kuwa ba a kwarara shi, don zai kwashe irin ya tara a gefe. Tsintsiya nake tsomawa a ƙwarya ina yarfawa, safe da yamma, har kafaɗata ta ƙage. Sai an wuce mako kana yarfa wa ƙasa ruwa kamar mahaukaci kafin ka ga wani kore-kore kamar gansakuka. Daga nan kuma kusan wata biyu kafin dashe ya kai taƙi, ya yi ƙwarin da zai jure a cire shi. Watan biyun da kake faɗa, Laminu, a lokacin taba ba ta ma bar ɗakin uwarta ba.

Dashe da la'asar ake yi, bayan an gama girbi kuma ruwa ya janye daga kwari. Kawu yana gaba da sungumi yana sara, ni ina baya a sunkuye ina sakawa, kowane ɗaya in kafa masa guntun kaba ya yi masa inuwa. Washegari ka zo ka tarar gyare ya datse wasu daga gindi, ka sake. Jibi ma ka sake. Rijiyar kwari gajera ce amma yashi ne, rabin aikinka ɗiba, rabi yasa. Garwa biyu a sanda, kafaɗata har yau akwai kanta. Ban ce ku koma garwa ba, inji alheri ne. Amma kun sakar wa taba ruwa kamar kuna noman shinkafa, kun cika ta da angire. Tabar da ta ƙoshi haka girma take yi kamar ɗan gata, jiki ba ƙashi, kuma ba ta saurin nuna. Takin awaki Kawu yake sa mata, in ta kusa ƙosawa kuma ya rage mata ruwa da gangan. Ya ce sai ta ɗan ji ƙishi take tara ƙarfinta a ganye.

Akwai wata safiya da na tsinci tsutsa har ta cika gwangwani daga layi uku kacal. Koriya ce, kalar ganyen, tana maƙale a ƙarƙashi. Sai ka ɗaga kowane ganye ka duba. Ka yi sakaci kwana biyu, ganyen da ka yi wa wahalar wata uku ya koma rariya, babu mai sayensa.

Kimanin wata biyu bayan dashe take fitar da fure. Nan ne inda ku kuke yanzu, kuma nan ne aikin gaske yake somawa. Ana karya mata kai, don abincin da zai tafi fure ya koma ganye. Matar Kawu, Inna Zuwera, tana biye da mu da ƙwarya tana tara furen, ta kai kasuwar Yekuwa mata su saya su goga a haƙori da goro. Gindi kaɗan ake bari da furensu, na iri. Da ka karya kai, sai toho ya dinga fitowa a hammatar kowane ganye. Ɓarayi muke ce musu, don abincin ganye suke sata. Ka cire yau, bayan 'yan kwanaki sun dawo. Hannunka ya yi baƙi da danƙo, sabulu ba ya fitar da shi sai ka dirje da toka da yashi, kuma ko ka dirje tuwon ranar da ɗaci za ka ci shi. A gonarku na ga ɓarawon da ya fi hannuna tsawo, yana shirin yin nasa furen.

Ranar da Kawu ya koya mini nunar taba, ni na jawo. Na gaji, na ce, "Kawu, wai saura kwana nawa?"

Ya kama hannuna ya kai kan ganyen sama ya ce, "Ninke." Na ninke, ya lanƙwashe kamar tsumma ya koma yadda yake. Ya kai ni ganyen ƙasa. "Ninke wannan." Na ninke, ya ce ƙas, ya tsage a wurin.

"Ka ji?"

"Na ji."

"To wannan ya nuna. Wancan da saura. Gindi ɗaya ne, amma ba rana ɗaya suke nuna ba. Kai da wanka rana ɗaya aka yi muku aure?"

Nunannen ganye kauri yake yi, ya yi nauyi ya sunkuyar da baki ƙasa. Korensa ya dushe, rawaya ta fito masa ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, jijiyar tsakiya ta yi fari. In ka taɓa shi ya kama yatsa. In ka danna shi ƙasa ya rabu da kara da kansa, ba ka nemi wuƙa ba. Daga ƙasa take nuna tana hawa. Bayan karya kai sai ka jira wajen mako uku kafin na ƙasa su yarda, ka ɗebe biyu ko uku ka tafi, ka dawo wani makon. Kafin ka kai na sama, waɗanda su ne masu ƙarfi, wani watan ya shige. Shekarar da sanyi ya yi yawa ta ƙara jinkiri. Babu wanda ya isa ya sa mata rana.

Kuma ba a shiga taba da raɓa. Ban san haka ba a shekarata ta farko, na shiga da sassafe ba riga, na rungumo jiƙaƙƙen ganye a ƙirji. Kafin hantsi duniya tana juya mini, na yi amai har na ga kore, zufa tana keto mini cikin sanyi. Ni da ban taɓa sa taba a baki ba, ta shiga ta fata ta kayar da ni. Inna Zuwera ta yi ta ɗura mini kunun tsamiya. Ban taɓa ce wa kowa taba magani ce ba, ban kuma ba ɗana ya tauna ba. Abu ne mai ƙarfi, da ladabi ake taɓa shi.

In ka ɗebo, ba ka gama ba. A jera a inuwa a rufe da tabarma ya yi rawaya sosai, sannan a tsire jijiyoyin a igiyar kaba a rataye ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa rana ba ta taɓawa. Sai jijiya ta bushe har tana karyewa. Sannan a sauke da safe lokacin da ganye ya ɗan saki, a tula, a danne da itace a rufe ta yi gumi. Kana cusa hannu ciki kana jin zafin. Ya yi yawa ka juya, in ba haka ba ta ƙone. A cikin gumin nan take samun ja da ƙamshi, ɗacin nan mai yankan maƙogwaro ya kwanta. Wannan ma wata guda ne da ɗoriya. In kun haɗa, daga toka zuwa buhu ya fi rabin shekara. Ɗanyen ganye kuwa, ko shekara ka yi kana shanya shi, ba ya ja. Toka-toka yake bushewa, siriri kamar takarda, in ka tula shi maimakon gumi sai ya ruɓe.

Masu sayenmu iri-iri ne. Akwai tsofaffin da ke sayen garin taba a tiya su cika batta, akwai Fulani masu wucewa da shanu. Amma babban ciniki na Buzaye ne, kuma babbansu Agali. Dogo ne, ba ya yawan magana, yana zuwa ƙarshen sanyi da raƙuma ɗauke da kanwa da gishiri da dabino. A zauren Kawu yake sauka tun ban zo gidan ba. Ba don kansa kaɗai yake saye ba, danginsa da maƙwabtansa na arewa suna ba shi amanar kayansu ya musanyo musu. Yadda yake gwada taba: ya yagi ɗan ganye, ya haɗa da ɓarin kanwa ya sa a kunci, ya zauna yana kallon ƙasa kamar an yi masa rasuwa. In ya tofar ya ce a ɗaure, an gama. Da farko har gindin buhu yake zazzagewa. Da shekaru suka yi tafiya bai taɓa samun algus ba, sai ya koma ɗanɗana na bakin buhu kawai. A arewa 'yar Dinya suke ce wa tabarmu, ana tambayarta da suna.

Sai shekarar da ruwa ya kwanta a kwari. Ina da aure a lokacin, da 'ya ɗaya. Damina ta yi yawa a ƙarshe, hatsin gangare ya jiƙe ya lalace, rumbuna ba su kai rabi ba. Kwari kuma ya cika ya ƙi janyewa. Dashe ya tsufa a fangali muna kallonsa, ba wurin sa shi. Sai da muka makara fiye da wata kafin ƙasa ta tsane. Saboda haka lokacin da labari ya zo ayarin su Agali ya baro arewa, tabar gari duka tana inda taku take yau, an karya kai ke nan.

Akwai dillali a garin nan, Ɗan Ladi. Bai taɓa yarfa wa fangali ruwa ba, amma bakinsa ya fi na kowa zaƙi. Ya tara magidanta a gindin ɗinya bayan la'asar ya ce, "Jama'a, Buzu ba ya jira. In suka zo ba su samu ba, gaba za su yi. Rumbunku na gani. Me za ku ba yara da bazara? A yanke yanzu, sauran aikin ku bar mini."

Kawu ya ce, "Ɗanya ce."

"Malam Maman, yunwa ma ɗanya ce? Wa ya ce sai ta nuna take zuwa?"

Aka yi dariya. Kawu ya ce, "Za ta ruɓe musu a hanya."

Ɗan Ladi ya ce, "In ta ruɓe, a hanya ta ruɓe. Kai dai ka ga hatsi a gidanka."

Ba zan ce mutanen nan miyagu ba ne. Tsoron yunwa ne, kuma yunwar gaskiya ce. Amma abin da aka yi, an yi shi da ido buɗe. Cikin kwana biyu aka sassare gonaki daga gindi da lauje, kamar ana yankan ciyawar doki. Aka baza a rana tsirara don ta yi saurin bushewa. Ta bushe toka-toka. Ɗan Ladi ya sa aka jiƙa karan dafi da kanwa, aka yayyafa mata ta yi ja na ƙarya, aka cusa a buhu da danshinta don ta yi nauyi. Sannan ya bi gida-gida ya tattara ragowar tabar bara, mai kyau, ya shimfiɗa a bakin kowane buhu. Gonarmu kaɗai ta rage a tsaye a kwarin nan, mutane suna wucewa suna girgiza kai.

Agali ya iso, ya sauka a zaurenmu kamar kullum. Bayan ya sha fura Kawu ya kai shi gona. Ya duba, ya ninke ganye ɗaya ya sake shi.

Kawu ya ce, "Ka gani. Bana ba ni da abin ba ka. Sai ka ƙara wata da rabi."

Agali ya ce, "Ba zan iya ba. Zafi na tafe, rijiyoyin hanya za su ƙafe. Sauran mutane fa? Ɗan Ladi ya ce tasu tana buhu."

Kawu ya ce, "Kowa ya san gonarsa."

Agali ya ɗauka gonakin sauran sun fi namu tudu, sun riga mu dashe. Bai ƙara tambaya ba. Na ja Kawu bayan rumbu na ce, "Kawu, faɗa masa. Baƙonka ne."

Ya ce, "In tona wa? Surukinka yana ciki. Ƙanen liman yana ciki. Mai gari ma buhu nawa gare shi. Gobe da wa zan tsaya sahu?"

Na ce, "To ni in faɗa."

Ya ce, "In ka buɗe baki, ba ni ba kai."

A zamanin nan kawunka ya faɗi haka, magana ta ƙare. Agali ya ɗanɗana bakin buhu, ya tofar, ya ce a ɗaure. Muna tsaye aka labta wa raƙuma. Da zai tafi har ya ba Inna Zuwera kantun gishiri, ya ce wa Kawu Allah ya kai mu baɗi.

Tamu ta nuna cikin zafi. Iskar bazara ta same ta a rumfa, tana busar da ganye kafin ya yi launi. Muka dinga jiƙa buhuna muna ratayewa a gefen rumfa, duk da haka rabi ya marmashe. Abin da ya tsira na yi ta yawo da shi a ka, kasuwar Yekuwa, kasuwar Dungas, tiya-tiya. Waɗanda suka yanke ɗanya suna cin tuwo, mu muna cin tafasa da ƙuli. Har habaici aka yi wa Inna Zuwera a bakin rijiya, wai a gidansu gaskiya ake dafawa.

Shekarar da ta biyo taba ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Kowa ya jira ta nuna, an yi gumi yadda ya kamata, buhuna jere a kowane zaure. Sanyi ya ƙare, ba raƙumi. Zafi ya shigo, ba raƙumi. Sai wani Bafillace ya kawo labari: tun kafin ayarin bara ya kai gida buhuna suka yi zafi, da aka buɗe baƙi ƙirin, fumfuna ta cinye, ko raƙumi ba ya kusantar warin. Mutanen da suka ba Agali amana suka ce shi ya cuce su. Sai da ya rabu da raƙumansa ya wanke kansa. Kuma duk zangon da aka sauka, sunan Kwarin Dinya ake kira.

Kawu ya ce mu je mu same shi. Muka ɗora buhuna a amalanke zuwa Magarya, daga nan muka hau kamiyo zuwa Damagaram. Kwana muka yi muna tambaya kafin aka nuna mana shi a zangon Buzaye, zaune a kan buzu yana dafa shayi. Ya rame. Kawu ya yi sallama, ya amsa, ya nuna mana wuri. Bai miƙo hannu ba.

Kawu ya ce, "Agali, ka san ba tawa a cikin waccan. Ko ganye ɗaya."

Ya ce, "Na sani. Taka na gan ta a tsaye."

"To ga ta bana na kawo maka."

Agali ya ce, "Maman, Ɗan Ladi bai dame ni ba. Dillali ne, ban taɓa kwana a gidansa ba. A zaurenka na kwana. Furarka na sha. Na tambaye ka, ka ce kowa ya san gonarsa. Ka faɗa mini gaskiyar tabarka, ka riƙe ta maƙwabtanka. Kana tsaye aka ɗaura wa raƙumana."

Kawu, mutumin da duk garinmu ba mai ɗaga masa murya, yana zaune a ƙasa yana tonon yashi da tsinke.

Can Agali ya sa aka zazzage buhunanmu a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, har gindi, a gaban mutane. Ya ɗauko daga can ƙasa ya sa a kunci. Ya daɗe. Ya tofar ya ce, "Ta nuna. Zan ɗauka. Amma ba zan kai ta arewa da sunan garinku ba, ba mai karɓa ko kyauta. Zan ce ta garin Sassumbrum ce. In kun yarda, a ɗaure."

Na yunƙura zan tashi, Kawu ya danne mini gwiwa. Ya ce, "A ɗaure." Mun baro gari guda da buhuna a zaure, ba mai saye.

Haka muka koma. Shekara da shekaru mu ke shan wahalar, mu ke kai ta Damagaram da kanmu, a zazzage mana har gindi kamar ɓarayi, a sayar da ita da sunan wani gari. Gidaje da yawa suka bar taba suka koma rogo da albasa. Agali bai sake taka Kwarin Dinya ba. Kawu ya ci gaba da nomanta har ƙarfinsa ya ƙare, amma bai ƙara zuwa Damagaram ba, ni yake aikawa. Ya rasu tabarsa tana yawo da sunan aro. Ɗan Ladi kuwa ko ƙwarzane. Ya koma dillancin gyaɗa, ya yi ƙiba, ya mutu a kan gadonsa aka yi masa babbar jana'iza. Waɗanda suka yi dariya a gindin ɗinya, da yawansu ni na wanke gawarsu da hannuna, ba wanda ya taɓa cewa Kawu ya yi gaskiya.

Ba da wata dabara sunan garinmu ya dawo ba. Gidaje kaɗan muka rage, muka yi ta kai nunanniya, shekara bayan shekara, muna zazzagewa da kanmu kafin a ce mu zazzage. Sai da furfura ta fito mini sannan na ji wani ɗan Buzu a kasuwar Magarya yana tambaya ko akwai 'yar Dinya. Shi bai san tarihin ba, an dai ce masa tana da kyau. Wannan sunan ne mai kamiyonku ya ji, shi ya sa ya kira ku. Ba don faɗin ganyenku ba ne. Bai san ku ba.

Saboda haka ku ji da kyau. Ku kashe injin nan ku rage mata ruwa. Ku shiga ku cire ɓarayi, ku bar angire. Ku kira mutumin ku ce ya ba ku wata uku. In ya jira, to. In bai jira ba, ya tafi, wani zai zo, taba ba tumatir ba ce da za ta lalace a buhu in an yi ta daidai. Rumfata tana nan, igiyoyina suna nan, ni ma ina nan, zan nuna muku gumi da hannuna.

In kuma kun ƙi, kuka sa mata lauje a makon nan, gonarku ce, ba zan riƙe muku hannu ba. Amma ranar kasuwar Dungas zan hau moto in riga ku isa. Zan tsaya a gindin kamiyon nan, in mutumin ya sauko in gaya masa ɗanya ce, ya zazzage har gindi. A gabanku zan faɗa, da sunan kowa. Laminu, da naka zan fara.